Da Wa Ake?

Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Gaskiya ne, ya sani. Sai dai karin maganar ta tsaya ga mai zagin, ba ta ce komai ba game da sauran 'yan kasuwar da zagin ya shiga kunnensu: mai tumatir da ke kasa kayansa, ɗan dako da buhu a ka, matar da ta zo sayen daddawa, dillalin da cinikinsa ya watse tun da safe. Mutum ɗaya aka zaga, ɗari suka ji. A cikin ɗarin nan ba za a rasa waɗanda za su koma gida da zagin a ƙirji ba, kowannensu ya tabbata da shi ake. Su ne suke damuna, domin yawancinmu mukan faɗa cikinsu wata rana, wasu kuwa a nan suke kwana suke tashi.

Kafin a ga laifinsu, a tuna da irin harshen da suka tashi a ciki. Hausa ba ta cika son tafiya kai tsaye ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai "yaron nan". Matar aure ba ta kama sunan miji, sai "maigida" ko "Malam". Mai neman rance ba ya buɗe baki da buƙatarsa, sai ya tambayi iyali, ya yi zancen damina, ya koka da tsadar masara, kana ya gangaro. Wanda ake roƙo kuma da wuya ya ce a'a. "Bari na duba" ta isa, mai hankali ya fahimta. Duk wannan kunya ce da kara, kuma abu ne mai kyau, amma yana da sharaɗi: dole mai sauraro ya iya jin abin da ba a faɗa ba. Yaron da aka harara a gaban baƙi bai tashi ya ba su wuri ba, ranar zai sha faɗa. Da haka ake horar da mutum har ya saba ɗaga kowace magana ya duba abin da ke ƙarƙashinta.

Hanyar da ladabi ke bi, ita cuta ma ke bi: habaici, gugar zana, shaguɓe. A shiga wani gida mai mata biyu da hantsi. Uwargida tana sheƙar gero a gindin turmi, amarya tana wanke-wanke a bakin rariya, shekararta huɗu a gidan ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Kaza ta zo ta sa baki a tsaba. Uwargida ta ɗaga faifai ta kore ta, ta ce da murya daidai yadda za ta kai bakin rariya: "As! Ke dai ba ki da aiki sai ci. Ci, ci, ko ƙwai ɗaya ba a taɓa gani ba." Hannun amarya ya tsaya cak a cikin ruwan kumfa. Idan ta ɗago ta ce, "Yaya, da wa kike?" amsar a shirye take tun kafin a yi tambayar: "Da kaza nake. Ko kin tsargu ne?"

Abin bai tsaya a tsakar gida ba. Makaɗan fada sun mai da shi gwaninta. Idan Narambaɗa yana yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, ko Ɗanƙwairo yana wasa wani basarake, yabo rabin aikin ne. Ɗaya rabin na 'yan sarkin da suka nemi gadon suka rasa ne, suna zaune cikin rawani suna ji ana taɓa su ba a kama suna ba. Yau ma direban da ya rubuta "Hassada ga mai rabo taki ce" a bayan motarsa yana da wanda ya nufa, wataƙila wani ɗan uba ne a ƙauyensu, amma dubbai ne za su karanta tsakanin Kano da Legas. Don haka wanda ya ce yana jin ana yi da shi ba taɓaɓɓe ba ne. Ana yi da mutane, shi ma ya sha gani da idonsa.

Sai dai a dubi yadda habaici yake a gine. Ba ya ɗauke da suna. Mai yin sa ya bar wa kansa ƙofar fita, kuma ko ya so ko bai so ba, ƙofar nan mutum biyu take ɗauka. Yadda uwargida ke da ikon cewa da kaza take, haka amarya ke da ikon cewa da kaza ake, ta ci gaba da ɗauraye kwanukanta. Habaici ba ya cika sai an tanka, wanda ya tanka kuwa ya ba mai yi abin da ya fito nema. Tsofaffin mata sun san wannan sarai. Idan yarinya ta zo gida tana kukan ana yi mata habaici, tambayar farko da kakarta za ta yi ita ce, "An kira sunanki?" Idan ta ce a'a, sai tsohuwar ta ce, "To, ba da ke ake ba. Yi kunnen uwar shegu." Tsohuwar ta san da jikarta ake. Tana koya mata ne cewa maganar da ba a sa wa suna ba, tana da zaɓin barin ta a ƙasa inda aka yar da ita. Wasu suna kiran wannan tsoro. Ni ƙarfi nake gani, irin wanda ba kowa ke da shi ba.

Akwai karin maganar da ake yawan jefa wa mai tsarguwa: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wato da ba ka da laifi da ba ka zabura ba. Wani lokaci haka ne. Ɓarawo ko tari aka yi sai gabansa ya faɗi. Amma idan aka mai da ita hukunci a kan kowa, an yi zalunci. Amaryar can ba ta saci komai ba. Bazawarar da ke jin kowace dariyar gidan biki a jikinta, saurayin da ya gama jami'a yana zaune wanda "ya aiki?" kaɗai ke ɓata masa yini, marayan da ya tashi a hannun matar uba: babu kaza a aljihunsu, ciwo gare su. Mai gyambo a ƙafa ya san fami. Kututturen da kowa ke wucewa ta gefensa lafiya, shi sai ya taɓa shi daidai wurin, har ya ga kamar duk abin da ke gidan ƙafarsa yake nema. Kututturen bai matsa daga inda yake ba, zafin kuma na gaske ne. Duk mai ba irin wannan mutum shawara ya fara da yarda da zafin, in ba haka ba shawarar ma fami ce.

A shekarar 1980 wani masanin halayyar yara a Amurka, Kenneth Dodge, ya gwada yara maza 'yan firamare. Ana ba yaro wasan haɗa hoto, ya yi nisa, sai a nuna masa wani yaro ya wargaza masa. Wani lokaci a fili yake da gangan aka yi, wani lokaci a fili yake taimako aka so yi, wani lokaci kuma babu yadda za a gane. Inda niyya ta bayyana, martanin yaran kusan ɗaya ne. Inda ta ɓuya ne suka rabu: waɗanda aka sani da faɗa suka ɗauka mugunta ce suka rama, sauran suka ɗauka tsautsayi ne. A 1990 shi da abokan aikinsa suka bi yara sama da 300, suka ga waɗanda aka cutar da duka a gida sun fi saurin karanta mugun nufi a inda babu tabbas. Kowa ya san zagi idan an zage shi. Inda ake rabuwa shi ne inda magana ke da fuska biyu, kuma yawancin abin da ke shiga tsakanin mutane a nan yake: gaisuwar da aka amsa a taƙaice, kallo, shiru. Giɓin da mai magana ya bari, mai sauraro ne ke cike shi, da abin da rayuwa ta riga ta zuba masa a ciki.

Ga yadda abin yake cin mutum. Wani ɗan kasuwa ya karye. Da la'asar ya nufi majalisar da ya shekara goma yana zama, tabarma ɗaya, mai shayi ɗaya. Yana doso wurin ana dariya, yana yin sallama dariyar ta tsaya. Ta tsaya ne domin labarin ya ƙare, ko domin a amsa sallama, amma shi abu ɗaya ya ji: da ni ake. Aka matsa masa wuri, wani ya ce, "Alhaji, kwana biyu," sai ya ji "Alhaji" ɗin da wani nauyi da bai taɓa ji ba. Wani ya riga shi biyan kuɗin shayi, abin da a da shi yake yi wa kowa, ya koma gida yana juya wannan a ransa har asuba. Washegari bai je ba, jibi bai je ba. Aka aika yaro, aka ce ba ya nan, alhali takalmansa na ƙofar zaure. 'Yan majalisa su ma mutane ne masu nasu kunnen, suka ce Alhaji ya guje mu, suka janye. Ranar sunan ɗan ɗayansu ba a kai masa goro ba, don an ɗauka ba zai zo ba. Daga nan ya sami shaidar da yake nema. Abin da bai faru ba ranar farko, zatonsa ya share masa hanya har ya faru. Da yawa daga gabar da ake shekara da shekaru ana yi a dangi, wadda addini bai yarda ta wuce kwana uku ba, idan aka bi sawunta ba gado ko gona za a tarar a tushenta ba, sai wata gaisuwa da aka amsa ba a ɗago kai ba.

Abin da ke sa wannan ya yi mana nauyi shi ne mutunci, wanda a bakin jama'a yake zama, shi ya sa kowa ke kasa kunne ya ji yadda ake ambatonsa. Amma nawa ne daga hankalin jama'a yake kanmu da gaske? A shekarar 2000 Thomas Gilovich da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a Jami'ar Cornell. Suka sa ɗalibai su sanya riga mai hoton wani mawaƙi da samarin lokacin ke jin kunyar a gan su da shi, su shiga ɗakin da wasu ɗalibai ke zaune, su fito. Masu rigar sun ƙiyasta kusan rabin 'yan ɗakin sun lura da hoton. Da aka tambaya, waɗanda suka lura ba su kai kashi 25 cikin 100 ba.

Unguwar Bahaushe ba jami'ar Amurka ba ce. Muna da 'yan sa ido, waɗanda suka san gidan da aka sayi nama da gidan da ba a ɗora tukunya ba. To amma ɗan sa ido ma ɗan lokaci yake ba ka, sannan ya koma kan kuɗin hayar da ake binsa da yaronsa mai zazzaɓi. A je shagon tela saura kwana uku Sallah. Tef rataye a wuya, allura a baki, shadda da atamfa sun yi tsibi, an kawo wuta yanzun nan bayan yini guda babu, ba a kuma san lokacin da za a ɗauke ba. Ka yi sallama, ya amsa cikin hanci bai ɗago ba. Wanda ya fita daga shagon yana cewa tela ya raina shi don yadinsa mai arha ne, ya ɗauki gajiyar wani da fargabarsa ya ɗora wa kansa. Telan bai ma san wanda ya shigo ba.

Zuwan waya ya ƙara dagula lissafin. A Hausa murya ce ke ɗauke da rabin ma'ana, rubutunmu na boko kuwa ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, balle fuska. A baki, "to" tana iya zama na yarda, ko na ji, ko ci gaba ina saurare, ko za ka gani. "Ba komai" tana iya zama yafiya har zuci, tana iya zama farkon gabar shekara. Wanda ke gabanka ya san wadda ka nufa, domin ya ji yadda ka ja ta ko ka datse ta. A saƙon waya duk kamanninsu ɗaya. Mai rubutu yana jin muryarsa a kansa lokacin da yake dannawa, sai ya ɗauka ta tafi tare da saƙon, alhali a wurinsa ta tsaya. Justin Kruger da Nicholas Epley da abokansu sun auna wannan a 2005: masu aika imel sun yi tsammanin za a bambanta gatse da magana ta gaskiya kusan sau 80 cikin 100, amma masu karɓa sau 56 suka dace, abin da bai fi canki-canki da yawa ba.

Tun daga ƙarshen 2014, da WhatsApp ya kawo alamar nan shuɗiya mai nuna an karanta saƙo, shiru ma ya zama magana. Ɗalibi ya rubuta wa kawunsa kan kuɗin makaranta, alamar ta yi shuɗi, awa biyu babu amsa. Wataƙila wayar tana hannun ƙaramin yaro yana kallon bidiyo. Wataƙila kawun yana layin asibiti, ko yana lissafin inda zai samo kuɗin ne, yana jin nauyin ya amsa hannu rabbana. Babu ɗaya daga waɗannan da ya zo wa ɗalibin a rai. Ya riga ya yanke cewa tun rasuwar babansa kawu ya canja. Ga kuma habaicin da ya bar gindin turmi ya koma sitatus: mace ɗaya ta ɗora karin magana kan masu cin amana, ƙawaye ashirin su gani, a sami uku da ba za su runtsa ba.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, al'adar da ta wasa kunnen ita ce kuma ta tanadi makarantar da ake koyon sake shi. Wasan barkwanci nake nufi. Bafulatani ya haɗu da Babarbare a tasha, ba su taɓa ganin juna ba, kowa ya kira ɗan uwansa bawansa, su rabu suna dariya har ɗaya ya biya wa ɗaya kuɗin mota. Haka Kanawa da Zazzagawa, haka Gobirawa da Yarabawa. A cikin gida ga taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, da kuɗin sharar da ake bi a watan cika-ciki. Ga kaka da ke kiran jikanta mijinta tana kushe shi cewa ko cefane ba ya iyawa, shi kuma yana ce mata ta tsufa zai yi mata kishiya. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam. Kalmomin da ake faɗa a wannan wasa, da wani ne ya faɗe su a wani wuri, da sai an kai ga alƙali. Abin da ya bambanta shi ne abin da mai ji ya riga ya yarda da shi game da mai faɗa: wannan nawa ne, ba ya nufina da sharri. Dafin magana yana cikin niyyar da aka jingina mata, kuma sau da yawa mu masu ji muke jinginawar. Yaron da ya tashi ana tsokanarsa cikin ƙauna yana koyon cewa za a iya ambaton rowarsa ko girman kunnensa, duniya ba ta tashi ba. Ina jin takaicin yadda yara da yawa a birane ba su san taubasansu ba sai a hoton biki.

Ba kowa ne abokin wasa ba, don haka ana buƙatar abin riƙewa a sauran wurare. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta umarci muminai su nisanci yawan zato, ta bayyana cewa wani zaton zunubi ne, nan take kuma ta haɗa da hana bin diddigi da cin naman mutane. Haka abin yake tafiya a zahiri: ka zarga, ka shiga binciken da zai tabbatar da zarginka, ka ƙare da kai labarin wurin wasu. Mun saba ɗaukar mugun zato a matsayin zargin wani da sata ko alfasha. Ba mu cika lura ba cewa "ya raina ni" ma zato ne, "don ni ta faɗa" ma zato ne. Mai faɗin haka yana jin shi aka zalunta, alhali ya shiga zuciyar ɗan uwansa ba sallama, ya yanke masa hukunci ba shaida. Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100, ya lura tun shekarun 1960 cewa masu ciwon damuwa suna yawan danganta wa kansu abin da bai shafe su ba. Abin da ya koya musu ba shi da wuyar faɗa: ka kama tunanin lokacin da ya zo, ka rubuta shi, ka tambayi kanka ina shaidarka, sannan ka nemo wasu dalilan da za su iya sa mutumin ya yi abin da ya yi. Malamanmu na zaure da sunan neman uzuri suka san shi. Ba ya buƙatar ka yaudari kanka cewa kowa yana ƙaunarka. Yana hana ka ne riƙe fassara mafi muni don kawai ita ta riga zuwa.

To idan da kai ɗin ake fa? Yana faruwa. Anas ɗan Malik ya ba da labari, yana cikin Bukhari da Muslim, cewa yana tafe da Manzon Allah (SAW), wanda ke sanye da mayafi ɗan Najran mai kaurin gefe, sai wani Balaraben ƙauye ya cim masa ya fizgi mayafin da ƙarfi har gefen ya yi shaida a wuyansa, ya nemi a ba shi daga dukiyar Allah da ke wurinsa. Babu fuska biyu a nan, rashin ladabi ne tsirara. Annabi ya waiwayo, ya yi dariya, ya sa aka ba shi. Abin da nake gani a labarin shi ne an raba abu biyu da mu muke haɗawa: buƙatar mutumin, wadda aka biya, da kaushin halinsa, wanda aka bar masa don nasa ne, da shi ya zo. Ko maganar da aka nufe ka da ita, ba dukanta ce taka ba. Uwargidan can, kaso mai yawa na abin da ta faɗa wa kaza labarin tsoronta ne: tsoron a ture ta, tsoron tsufa, ajiyar abin da ita ma aka taɓa yi mata. Sanin haka ba ya wanke ta, yana dai rage wa amarya kayan da ba nata ba.

Nauyin kuma ba a kan mai ji kaɗai yake ba. Wani dare Annabi yana raka matarsa Safiyya daga wurin i'itikafi, wasu Ansar biyu suka gan su suka ƙara sauri. Sai ya tsayar da su ya gaya musu matarsa ce, don kada Shaiɗan ya jefa wani abu a zukatansu. Bai bar giɓi ba. "Kawu, na gani, ina asibiti ne" ko "yi haƙuri, aiki ya sha kaina" ba ta cin ko sisi. Wanda kuwa ya jefi mutum da magana da gangan, sannan ya ce masa "kai dai ka cika tsarguwa", ya cuce shi sau biyu.

Akwai wurin da tsarguwa take da amfani, kuma a nan muka fi ƙarancinta. Sananne ne cewa idan labarin wani kuskure ya kai ga Annabi, sau da yawa ba ya kama suna. Sai ya yi magana a bainar jama'a kan wasu mutane masu yin kaza da kaza, don mai abin ya gane kansa ba tare da an kunyata shi ba. Wa'azi har yau a kan wannan yake tafiya. Amma ranar Juma'a liman yana magana kan tauye mudu, ko cin dukiyar marayu, ko wulaƙanta iyali, da yawanmu a sahu wani muke tunawa: ina ma wane ya zo yau. Kunnen da ya ji sunansa a cikin dariyar majalisa, a nan bai ji komai ba. Wannan yana ba ni tsoro fiye da wancan, domin a nan ne tambayar "ko da ni ake?" za ta iya gyara mudu, ta mayar wa maraya haƙƙinsa.

Saura maganar da ta ƙi barin zuciya. An nemi uzuri, an yi kunnen uwar shegu, an kwana an tashi, tana nan. Idan mai ita na nesa ne, wanda ba za a sake haɗuwa da shi ba, a bar shi ya tafi da abarsa. Idan kuwa wanda ake cin tuwo tare ne, miji, ko ɗan uwa, ko aminin shekaru, tambaya ta fi. Ba irin "da wa kake?" ta tsakar gida ba, wadda ake yi da ɗamara a gaban jama'a, wannan neman faɗa ce. Ana jira ne har zuciya ta sauka, a sami mutum shi kaɗai, bayan sallar isha'i ko a hanyar dawowa daga gona, a ce: "Yaya, jiya da ka ce wasu ba sa tuna gida sai sun ji ana rabo, maganar ta tsaya mini. Da ni kake?" Kunya tana sa wannan ya yi nauyi a baki, musamman ga ƙarami a gaban babba, shi ya sa wani kan bi ta wurin gwaggo ko aminin uba, kuma hakan ma hanya ce. Sau da yawa yayan zai zaro ido ya ce, "Wace magana? Wallahi da su wane nake, waɗanda suka sayar da gonar." Wani lokaci kuma zai yi shiru, sannan ya ce, "E, da kai nake. Wata nawa rabonka da zuwa gaida Inna?" Wannan amsar tana da zafi, amma tana da kai da ƙafa: an faɗi abin da ka yi, kana iya kare kanka, kana iya ba da haƙuri, kana iya shiryawa ranar Juma'a ka je ka gaida Inna.